Kofin Tsakiya

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yaya, an kama ni.

Malama shugabarmu a wajen aiki ce ta ba ni littafin nan, ta ce kullum in rubuta abin da na sa a baki da abin da na ji. Ni ban iya yi wa takarda magana ba, ke zan rubuta wa.

Yau da muka tashi daga ɗakin ɗanɗano ta ce in tsaya. Kin san ta, sai ta cire tabarau ta goge da bakin farar rigarta kafin ta faɗi abin da ba daɗi. Ta baza takarduna na sati biyun da na koma aiki. Duka gwajin kofi uku ne, irin wanda muka saba: a turo miki lemo a kofi uku ta 'yar taga, biyu iri ɗaya, ɗaya daban, ki zagaye lambar na daban ɗin. Ko ba ki gane ba dole ki zaɓa, ba a mayar da takarda fayau.

Ta ce, "Anti, sau goma sha biyu aka ba ki, huɗu kika ci."

Na ce to ai huɗu ba laifi.

Ta ce, "Ko akuya aka ɗora a kujerar nan aka ce ta nuna da ƙafa, huɗu za ta ci. Ɗaya cikin uku, rabon mai canka ke nan. Ba ma shi ya dame ni ba, dubi nan." Ta bi layin da biro. Na tsakiya, na tsakiya, na tsakiya. Sau goma sha biyu ban zaɓi wani kofi ba sai na tsakiya.

Sai dariya ta ƙwace min, har ta tsorata. Kin tuna ranar da kika kawo ni kamfanin nan, shekara tara ke nan, a cikin mota ina ta tambayarki yadda zan gane na daban? Kika ce, "Idan kin rasa gane shi, ɗauki na tsakiya, ki haɗe rai kamar kin sani." Wasa kike yi. Ban taɓa bukatarsa ba sai yanzu.

Na gaya mata gaskiya. Tun ranar Talatar nan da kika tafi bakina bai ƙara jin komai ba. Shayi ruwan zafi ne, lemo ruwan sanyi.

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kamfani zai mayar da lemo daga kwalba zuwa gwangwani, suna so su san ko mai sha zai ji bambanci, kuma ba za ta dogara da harshen da ke barci ba. Ta ba ni sati uku. Ran Litinin ta uku za a gwada kowa, zagaye goma sha biyu, sai na ci takwas. Idan ban ci ba, kujerata ta biyar ta zama ta wata. Kafin nan zan koma bayan taga, wajen wankin kofuna.

Taki ta huɗu an riga an ba wata. Ban kalli fuskarta ba tukuna.

Talata, bakwai na safe

Shayi: ruwan zafi. Burodi: soso. Ba na son Talata.

Laraba, huɗu na yamma

Yaya, da kin ga bayan taga! Shekara tara muna ganin hannu kawai yana turo tire, ashe bayan nan aiki ake kamar a ɗakin haɗa magani. Kowane kofi sai an ɗora shi a sikeli, kar wani ya fi wani cika. Sai an tsoma ma'auni an ga sanyinsu ya zo daidai, don wai wanda ya fi sanyi baki na ɗauka shi ne daban. Lambobin nan masu uku-uku da muke zagayewa, ba su da wata ma'ana ashe. Na tambayi Malama me ya hana a rubuta ɗaya, biyu, uku a huta. Ta ce mutum in ya ga ɗaya zuciyarsa sai ta ce na ɗaya ya fi. Ke kuma kin rantse min lambar da ta ƙare da bakwai ita ce ta daban. Ƙarya kika yi min, Yaya, yau na gani da idona.

Na daban ɗin ma juya masa wuri suke yi daidai wa daida: cikin sha biyu, huɗu hagu, huɗu tsakiya, huɗu dama. Shi ya sa na ci huɗu cur. Ni da akuya.

Na kashe jan ƙwan da ake kunna mana don kar mu ga launi, na kalli kujerun da farin haske. Ƙanana ne ashe. Katakon da ya raba ta huɗu da ta biyar ya yi duhu a wuri ɗaya, inda muke ƙwanƙwasawa. Bugu biyu, ina nan. Biyu, ni ma ina nan. Na goge ko'ina, na bar wurin.

Juma'a, ƙarfe ɗaya na rana

Yau na ga Baƙuwa, mai kujerarki. Yarinya ce siririya, idanu kamar an tsorata ta. Ta shigo da turare! Baba Hanci, da ya fi kowa daɗewa a kujera ta ɗaya, tun daga bakin ƙofa ya ɗaga hancin nan nasa ya ce, "Wa ya kawo mana kantin turare ɗakin aiki? 'Yata, yau lemon zai yi ƙamshin ki, mu rubuta wa kamfani sun yi gwaninta."

Kowa ya yi dariya, ita kuma ta kusa kuka. Na ja ta famfo na ba ta sabulun nan marar ƙamshi. Na ce ba turare, ba cingam, ba yaji awa ɗaya kafin a shiga, a kurkure baki tsakanin kofi da kofi, a gutsiri biskit ɗin nan marar gishiri, a fara daga hagu. Sai na ji muryarki ce ke fitowa daga bakina, har da yadda kike ɗaga yatsa.

Na so in ƙi ta, Yaya. Ba ta ƙiyuwa.

Abincin rana: ɗumi kawai.

Asabar, sha ɗaya na safe

Ƙaninki Tela, maigidana, ya ji labarin sati uku, ya rufe shago ya ce shi ma zai buɗe ɗakin gwaji. Ya jera kofi uku a kan teburin yankansa, ya rubuta musu lambobi da allin ɗinki, ya ɗaure jan ƙyalle a kan ƙwan falo har ya fara ƙauri. Shayi ya zuba, biyu da sukari cokali ɗaya, ɗaya da cokali uku. Ya rataya tef a wuya ya ce daga yau Furofesa zan riƙa ce masa.

Sau shida ya ba ni, sau shida na ci. Ya daka tsalle yana cewa, "Ta warke! Madam Harshe ta dawo!"

Na bar shi ya gama rawa sannan na ce, "Furofesa, ban ji komai ba. Girarka nake kallo." Duk lokacin da na kai hannu kan mai sukarin sai girarsa ta hagu ta hau sama kamar an ja ta da zare. Shekara ashirin da biyu ina karanta girar nan.

Ya zauna ya shafa girar, can ya ce, "To in aske ta?"

Na yi dariya har cikina ya ƙulle. Na juya in ce miki kin ji mutumin naki. Kujerar roba ce kawai a wurin.

Litinin, shida na yamma

Na ba Malama labarin gira, ta yi dariya har tabarau ya zame. Ta ce shi ya sa aka yi taga, kuma shi ya sa mai turo tire ba ya sanin wanne ne wanne. Wanda ya zuba daban, wanda ya miƙa daban, don fuska tana magana ko an ɗinke baki.

Saboda haka mun ɗauki ma'aikaciya, maƙwabciyarmu mai kitso. Tela ya zuba a kicin ya rufe ƙofa, ita ta ɗauko tire ba ta san komai ba. Matsalar ita ce a hanya take kurɓa. Ta iso da kofi ɗaya rabi tana cewa, "Ni dai wannan ya fi min." Tela ya leƙo ya ce, "Hajiya, an ɗauke ki ɗauko ne, ba a ɗauke ki shanyewa ba!" Ta ce idan bai iya biyan ma'aikata ba ya bar su su sha.

Da aka yi na gaskiya, biyu na ci cikin shida. Akuya tana nan daram.

Talata, bakwai na safe

Shayi: ruwan zafi.

Alhamis, biyar na yamma

Malama ta haɗa min ruwa huɗu, na sukari, na gishiri, na tsami, na ɗaci, kowanne daga mai rauni zuwa mai ƙarfi, a ga inda zan fara ji. Na bi su har ƙarshen layi. Ruwa, ruwa, ruwa. Na ƙarshen na ɗaci, wanda yake sa Baba Hanci ya ambaci kakarsa, na haɗiye shi kamar na randa.

Likitan kamfani ya leƙa bakina da tocila ya ce ba abin da ya sami harshen. Ya tambaye ni ko ina barci, ko ina ci, ko wani abu ya faru a gida. Na ce ina barci.

Jakarki da aka miƙo min a asibiti tana saman durowa. Tela ya tambaya ko ya sauko da ita. Na ce ƙura ce za ta zubo.

Saura kwana goma sha ɗaya. Ba don aikin kawai ba, Yaya. Idan aka ba wata ta biyar, katakon nan ya zama na mutum biyu da ba su san me ya sa ya yi duhu ba.

Asabar, goma na safe

ƊACI!

Tela ya ɗora shayi, sai suka kaure da mai kitso a kan wai ya ɗinka mata hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi yana cewa hannunta ne ba daidai ba, ita tana cewa idonsa ne. Ganyen yana ta dahuwa har ya yi baƙi ƙirin. Ya tsiyayo min haka nan, bai sa komai ba, bakinsa na can wajen faɗa.

Na kurɓa, na furzar a kan tabarma. Na ce, "Kai, wannan wane irin mugun abu ne? Kashe ni za ka yi? Ɗaci kamar..."

Sai na ga sun bar faɗan. Su biyun suna kallona, bakin mai kitso a buɗe. Tela ya ce a hankali, "Kamar me?"

Yaya, na shanye kofin nan tas. Mugun shayi, ban taɓa shan mai muni irinsa ba, ina sha ina yamutsa fuska ina dariya hawaye na zuba a ciki. Mai kitso ta fita tsakar gida tana shela wai a zo a ga matar da ke murna da ɗaci. Tela kuwa ya ce dama da gangan ya yi, hikimar Furofesa ce. Girarsa ta hau sama.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Tsami ya dawo jiya, a kan lemon tsami da na matsa a cokali. Yau gishiri, a kofi na uku cikin layi. Malama ta rubuta, na ga ta ja layi biyu a ƙarƙashi.

Zaƙi shiru. Baba Hanci ya ce haka zaƙi yake, babban mutum ne, sai kowa ya zauna yake shigowa.

Talata, bakwai na safe

Shayi: ɗan ɗaci, ɗan bauri. Talata ce, amma na sha duka.

Laraba, huɗu da rabi na yamma

An liƙa takardar kalmomi a bango saboda gwajin gwangwani, kalmomin da muka yarda da su don kowa ya kira abu da suna ɗaya. Ɓawon lemo. Jiƙaƙƙen kwali. Ƙonannen sukari. Ta huɗu: makulli.

Baƙuwa ta tambayi Baba Hanci me ya kawo makulli cikin lemo. Ya ce, "Mai kujerarki ce ta kawo shi." Ya ba ta labarin ranar da aka rasa sunan ɗanɗanon ƙarfen nan, masu digiri suna ta lalube, kika ce, "Wannan ai kamar ka tsotsi makulli ne." Kowa ya ce shi ne! Aka rubuta. Bai san cewa da gaske kin tsotsa ba, muna yara, makullin ɗakin Inna a wuyanki da zare, kullum yana bakinki har sai an make ki.

Baƙuwa ta juyo ta ce min, "Allah ya jiƙanta, Anti." Mutane da yawa sun faɗa min haka, kai kawai nake gyaɗawa. Yau na ce amin da bakina.

Da na dawo na hau kujera na sauko da jakar. Ba ƙura sosai. Ɗankwalinki, silifas, rabin fakitin biskit marar gishiri da kika sato daga wajen aiki, ɓarauniya. Da makullin ɗakinki, har yanzu da zare.

Na sa shi a baki.

Yana nan, Yaya. Sanyi, ɗan tsami, ƙarfe-ƙarfe a gefen harshe. Ina zaune a bakin gado da makulli a baki kamar 'yar shekara shida Tela ya shigo. Ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dube ni, ya rufe. Ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "In rubuta masa lamba?"

Juma'a, sha biyu na rana

An kore ni daga bayan taga, kar in ga abin da ake shiryawa na Litinin. A gida na ci huɗu cikin shida. Mai kitso ta daina kurɓa, sai shinshina.

Lahadi, shida na yamma

Na yanke shawara. Gobe ba zan taɓa kofin tsakiya ba, kar Malama ta ce na koma halina.

Litinin, shida da rabi na safe

Ban ci yaji ba, ban shafa komai ba. Makullin yana aljihun farar rigata.

Litinin, biyar na yamma

Shida kafin hutu, shida bayan hutu. Jan ƙwai, ƙarar taga, hannu, tire. Na zauna a ta biyar.

Na farko na dama ne, na ji shi sarai. Na biyu na kurɓi hagu, lemo. Na kurɓi tsakiya, makulli. Na kurkure na sake, makulli dai. Na rubuta kalmar a gefen lambarsa, sannan na zagaye na dama. Haka na sake yi a na biyar. Wasu biyu kuma ban tabbata ba, bambancin siriri ne kamar gashi.

Da hutu na zauna ni kaɗai da ruwa da biskit, don ba a yarda mu yi maganar kofuna ba. Sai na tuna abin da na gani da idona a bayan taga: huɗu hagu, huɗu tsakiya, huɗu dama. Wato ni da kaina na zubar da biyu saboda tsoron a ce min akuya. In na ci gaba da gudu, sai na ci duk sauran ba kuskure, ni da zaƙi bai gama dawo min ba.

Na tara ya zo. Hagu, lemo. Dama, lemo. Tsakiya, kamar na ciro abin da ke aljihuna na sa a baki. Na riƙe biro hannuna ya ƙi. Ban san lokacin da ɗaya hannun ya tafi wurin nan mai duhu ba. Ƙwas, ƙwas.

Sai na tuna ba ke ce a ta huɗu ba. Na janye hannu, na ji kunya, na ji abin da ya fi kunya.

Shiru. Shiru. Sannan daga ta huɗu, a hankali, kamar mai tsoron a kama ta: ƙwas, ƙwas.

Na zagaye na tsakiya. Na haɗe rai, amma wannan karon na sani. Na sha biyu ma shi ne, na zagaye shi ba gardama.

Da aka tashi Malama ta ce in tsaya. Ta kai hannu ga tabarau, na ce shi ke nan. Ashe gyara shi kawai ta yi.

"Takwas," in ji ta. "Cif. Da goma ne, amma akwai wata baiwar Allah da ta rubuta makulli a kan amsa sau biyu, sannan ta zagaye maƙwabcinsa. Anti, a baya kin zaɓi tsakiya ba ki ji ba, yau kin ji kin ƙi zaɓa. Ni dai abin da harshenki ya faɗa nake so, ko a ina kofin ya zauna."

Na ce na tuba. Ta ce gwangwanin ma ya faɗi, yawancinmu mun kama shi, sai sun sake rufin cikinsa. Ina bakin ƙofa ta ƙara da cewa, "Kuma ku rage buga min katako. Shekara tara ina jin ku."

Ku ta ce, Yaya. Ban gyara mata ba.

A waje Baƙuwa tana jira, tana murza yatsu. Ta ce ita ba ta san ma'anarsa ba, ta dai ji an buga, ta ga bai kamata a bar mutum ba amsa ba. Na ce ma'anar ke nan. Gobe zan nuna mata inda ake ɓoye biskit.

Talata, bakwai na safe

Furofesa ya kawo shayi da kansa, girarsa a kwance, ba ruwansa.

Shayi: sukari ya yi yawa. Cokali uku, irin naki.